Yayen Ikram

Kwaya, Talata

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Agadas? Ikram da yayanta lafiya lau, har ta fara rarrafe.

Ni ce dai ba daɗi. Ƙurajen nan da suka fito mini a gaba, na kai su likita a Magariya. Ungozoma ta ce ƙwayar cuta ce da ake ɗauka tsakanin mace da namiji. Innarka ce ta raka ni, da kunnenta ta ji. Da ta kira ka, ka rantse ba ka sadu da ni ba tun da na haihu. Ba ka yi ƙarya ba, amma ka san abin da ka bar ta tana zato. Tun ranar ba mai leƙo ɗakina.

Na koma ni kaɗai na sake tambaya. Ungozomar ta ce ba sai an sadu ba, fata ta gogi fata a wurin ma ya isa, kuma cutar kan daɗe a jikin mutum bai sani ba. Ka tuna dabarar da muka riƙa yi kafin tafiyarka, wai mu masu wayo, mun kiyaye goyo. Ba tuhumarka nake ba. Ka faɗa wa Inna kawai, a san ban ci amanarka ba. Kai ma ka je a duba ka.

Taka,
Sa'ida

Kwaya, Asabar

Maigidana,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Atamfar da ka aiko ta iso, na gode. Maganar ce ba ta iso ba.

Da na yi mako biyu ina jira har na gaji, na rufe fuska da mayafi na faɗa wa Inna da bakina. Ta yi kuka, ta nemi gafarata. Sai kuma ta ce mai goyon da ta kwana a jikin miji nononta ya gurɓata. Na rantse ungozoma ta ce nonon lafiyarsa ƙalau, ba ta ji ba. Shekaranjiya aka kai Ikram yaye garin Dantchiao, gidan ƙanwar Inna, ko tsayuwa ba ta fara ba.

Yanzu kowa fara'a yake mini, amma ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba. Na tambayi yaushe za a dawo mini da ita. Inna ta ce, "Sai ta daina nemanki."

Allah ya tsare ka.

Matarka,
Sa'ida