Kular da Ta Dawo da Cincin

Manawashi, Gombe
Talata

Adda Jane,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya gida, ya jikin Baba? Ina fata ya kwana lafiya, ke ma kin huce gajiyar zumuntar mata ta jiya.

Ga kwandon yau, Jerome mai Keke zai kawo kamar kullum. Tuwon acca ne da miyar zogale, da karfasa gasasshiya. Burodin alkama yana cikin tawul, da asuba na gasa shi kafin in tafi makaranta. Ba gishiri, ba magi, ba kanwa, kamar yadda likita ya ce tun da hawan jini ya kayar da Baba a bakin rijiya bara. Kin san wannan karatun, ba sai na maimaita ba.

Za ki ce me ya hana ni kiranki. Na lura wayarki tana da wata cuta, sabis ɗinta yana ɗaukewa duk lokacin da tambaya ta yi nauyi. Takarda ba ta da wannan matsalar.

Jiya kular miya ta dawo da nauyi. Na buɗe sai ga cincin a leda, cike har baki. Tun da na fara aiko abinci, kular nan wankakkiya take dawowa, ko ƙwayar gyaɗa babu, ban kuma taɓa jin komai ba. Mama ce ta koya mana cewa kwanon maƙwabci ba ya komawa haka nan, ko albasa ce a jefa a ciki. Amma ta ce tsakanin uba da 'yarsa babu wannan, gida ɗaya ne. To yaushe na zama maƙwabciya?

Na ɗanɗana. Dogo-dogo aka yanka shi, ya ji gyaɗar ƙamshi. Ke naki ƙanana kike yankawa, kuma sai kin ƙona kaskon farko, tun muna yara. Mutum ɗaya na sani a duk Bagadaza mai irin wannan hannun: Madam Nwakaego, mai shagon kayan masarufi da ke jikin katangar gidanmu.

Na tambayi Jerome. Ya ce bai same ki a gida ba, kina coci, sai Madam ta leƙo ta ce ai kulolin suna wurinta. Yana goge gilashin Kekensa ya faɗa min, kamar mai ba da labarin farashin fetur.

Ni bayoloji nake koyarwa, ban karanta aikin ɗan sanda ba. Tambayata ɗaya ce: wa yake cin abincin Baba?

Ki gaishe shi. Ya sha maganinsa.

Ƙanwarki,
Jacinta

*

Bagadaza
Laraba

Auta,

Na gaishe ki da sunan Yesu. Ya aiki, ya ɗalibai? Mu nan sai godiya.

Takardarki a tsaye na fara karanta ta, sai da na nemi kujera. Ke dai tun kina ƙarama ba ki iya faɗan ihu ba, a sanyaye kike yanka mutum. Kada ki ɗauka da zafi. Abin ba yadda kike tsammani ba ne. Ko kuma haka ne, amma ki ji dalili.

Da farko yana ci. Daga baya ya koma juya cokali, ya ce ya ƙoshi. Wandonsa ya fara zamewa har na ƙara wa bel ɗinsa huda. Ke ranar Lahadi kike ganinsa, ya sa farar riga ya miƙe wuya kamar har yanzu shi ne hedimasta. Ni nake ganinsa sauran kwanaki, yana zaune gaban tuwon acca yana kallon bango. Rannan ya ce min, "Jane, ko a kurkuku ana sa gishiri." Na shiga kicin na kaɗa masa kuka da daddawa da ɗan man shanu, yadda Mama take yi. Ya cinye, ya suɗe kwano, ya yi barci har da minshari. Me kike so in yi? In da ke ce a wurin, da ke ma kin kaɗa.

Naki kuma ba a zubar ba, Allah shaida ne. Oga Ejiofor, mijin Madam, shi ma ciwon ne, har ya taɓa masa hannun hagu. Madam tana shago daga safe har yamma, ina ta ga lokacin girki biyu? Baba ne ya ce a miƙa masa, bai kamata abinci ya lalace ba. Ni nake karɓo kulolin kafin Jerome ya iso. Abin da take sakawa ciki, e, ina cirewa. Ba duka nake ci ba, ina ɗan raba wa yaran coci.

Mun so mu gaya miki. Amma kin san halinki, za ki zo da takardun asibiti ki yi mana lacca. Sannan yadda fuskarki take haske in ya yaba burodinki ranar Lahadi, wa zai iya ɓata wannan?

Ki ɗauki wayata don Allah. Yau sabis lafiya lau.

Addarki mai ƙaunarki,
Jane

*

Manawashi
Juma'a

Adda Jane,

Barka da yau. Ina fata kowa lafiya, har da yaran coci da suka ci cincina.

Na gode da amsarki. Na kusa yarda cewa labarin ya ƙare a nan, har na fara jin kunyar kaina.

Kin san Alhamis nake cefane. Jiya da na tashi daga makaranta na shiga Babbar Kasuwa kamar yadda na saba. Sharfaddeen mai kifi ya ajiye min karfasar madatsar ruwan Dadin Kowa, ɗanya, don ya san busasshen kifi ana barbaɗa masa gishiri, ba na saye. Ya ce, "Malama, ya jikin Baba?" Na ce da sauƙi. Mai zogale ta tambaya, mai acca ta tambaya. Rabin layin nan sun san Baba ba su taɓa ganinsa ba. Wata mai daddawa kam in ta hango ni sai ta ce, "Ga Malama ba-gishiri nan, ku rufe kayanku." Ina dariya da su. Ina tsammanin dariyar tawa ce, ashe ni ce abin dariyar.

Kin taɓa rege acca? Kina wankewa kina tacewa, yashi yana ƙin fita, bayanki yana ƙara. Ban faɗa don a tausaya min ba. So nake ki san nauyin abin da kike miƙawa ta kan katanga.

Daga kasuwa na wuce Bagadaza. Ban shigo gida ba, shagon Madam na tsaya. Tana ganina ta ajiye mudu ta rungume ni, garin kwaki duk a rigata.

"Malama, Allah ya biya ki. Na daɗe ina so in zo har gida, Jane ta ce ba kya son godiya, kunya kike ji."

Na ce haka ne, ina da kunya sosai.

Oga Ejiofor yana zaune a bayan buhunan shinkafa. Ya ɗaga hannun hagunsa sama, ya buɗe yatsu ya rufe. "Dubi hannu, Malama. Da ko kofi ba ya riƙewa. Miyarki babu daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba, amma magani ce." Madam ta kai masa duka da tsumma, ta ce bakinsa ne ya fara warkewa kafin hannun. Shi ne mutum na farko da ya gaya min gaskiya a kan girkina, sai na ji ina ƙaunarsa.

Har na juya zan tafi, Madam ta ce, "Kuma aunawar nan da kika sa ake yi masa, mun gode. Kullum da safe Jane tana zuwa da na'ura ta ɗaura masa, ta ɗauki hoto ta ce ke za ta tura wa."

Adda, wannan ba ya cikin takardarki. Wataƙila biro ne ya ƙare.

Na'urar awon jinin nan ni na saya wa Baba. Hotunan da kike turo min kowace safiya na tara su a wayata. Na ga lambobi suna sauka wata bayan wata, na nuna wa abokan aikina a ɗakin malamai kamar mai nuna hoton jariri. Saboda su na ɗage ranar ganin likitan Baba, na sake ɗagewa, na ce kada a wahalar da tsoho da layin asibiti tunda jiki ya yi kyau. Da bakina na faɗa, ke kuma kika ce, "Gaskiya ne, Auta." Ashe jinin Oga Ejiofor nake wa murna. Ya cancanta, ban hana ba. Amma yaushe rabon da a ɗaura wa Baba na'urar nan a hannu?

Kuka da daddawa zan iya fahimta. Tsoho ya ji yunwa, 'yarsa ta tausaya. Hoton kuwa sai an tashi da safe, an ɗauki na'ura, an zaga katanga, an zaɓi sunana an tura. Kullum.

Sai ranar Lahadi in zo, a shimfiɗa min tabarma, Baba ya gutsuri burodina yana lumshe ido ya ce ya fi na kanti, ke kina gefe kina gyaɗa kai. Na sha shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo, ban taɓa samun 'yan wasa kamarku ba.

Kwandon yau na ce Jerome ya sauke a shago kai tsaye, ya rage miki zirga-zirga. Jibi ba zan zo ba.

Ki huta lafiya.

Jacinta

*

Bagadaza
Lahadi, bayan sujada

Zuwa ga 'yata Jacinta,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Ina fata kina lafiya, aikin koyarwa kuma yana tafiya daidai. Ni ma ina nan cikin kiyayewar Allah.

Yayarki ta ba ni takardunki biyu, na karanta da tabarau, na sake karantawa. Rubutunki yana da tsari. Ban sami kuskure ko ɗaya ba, a nahawu ko a magana.

Ki sauke fushinki daga kan Jane. Ranar da ta fara auna ni bayan na koma cin kuka, lambar da ta fito ta sa ta kuka. Na ce ta cire min abin nan, kada ta sake kawo shi kusa da ni. Ta ce to me za ta tura miki? Na ce a unguwar nan ba ni kaɗai ke da hannu ba. Umarni na bayar, ita kuma ba ta taɓa iya yi min musu ba. Ke ce mai iyawa, shi ya sa aka ɓoye miki.

Lokacin da mahaifiyarku ta rasu kun raba zannuwanta, an ba coci kekenta na ɗinki, ɗakinta ya zama wurin ajiye masara. Abin da ya rage nata a gidan nan shi ne in Jane ta jefa daddawa a tukunya ƙamshin ya zaga tsakar gida. Kina so in daɗe. Ni ma ina so. Amma ban san tsawon kwanan da ake tauna shi kamar ciyawa yana da amfani ba.

Burodinki ba duka ƙarya ba ne. Na ranar Lahadi ina cinsa da daɗi, don kina zaune kina kallona.

Tunda ranar faɗar gaskiya ce, ga ragowar. Kwanakin nan ƙeyata tana sara da safe, wani lokaci in na miƙe sai idona na dama ya yi duhu ya washe. Jane ba ta sani ba.

Na sa ta kaɗa miyar yau da yawa, don na ɗauka za ki sauya shawara. Tabarmarki tana shimfiɗe har aka kwashe kwanuka. Ga rabonki nan a kula, Jerome zai biyo da shi. Ki ɗanɗana kafin ki yanke hukunci.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Mahaifinki,
Titus

*

Manawashi
Litinin

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Ina fata kun tashi lafiya.

Ga kularku na dawo da ita. Ban mayar da ita haka nan ba, tunda yanzu zaman maƙwabta muke yi. Ƙullin da ke ciki gishiri ne, ƙaramin cokali ɗaya. Adda ta dafa abin da kuke so, da daddawar, amma wannan ne na yini guda. Gobe wani ƙullin zai zo.

Yau da na tashi daga makaranta zan zo da Jerome mu tafi asibiti. Ku sa riga mai faɗin hannu. Ni zan ɗaura na'urar, kuma zan duba fuskar mai hannun.

Kwandon Oga Ejiofor zai ci gaba da zuwa. Ranar Lahadi kada a shimfiɗa min tabarma tukuna.

Miyar ta yi daɗi. Wannan ma ban yafe ba.

'Yarku,
Jacinta