Ku Mayar wa Inuwawa Hagunsu

Da sunan Allah na fara. Ni ce mahaifiyarku, da hannuna nake rubuta wannan, na hagun nan da kuka sani. Hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka yi mini tawaye. Likita yana ta kewaye-kewaye, amma ni tela ce, na san zare idan ya zo ƙarshe. Saboda haka kai Babba, ke 'Yar Baba, da kai Auta, kada in ji wani ya ce zafin ciwo ne ya sa na faɗi abin da ke tafe.

1. Ba na bin kowa bashi, babu mai bina. Gida da abin da ke cikinsa ku raba yadda ya dace. Keken ɗinki na 'Yar Baba ne, a riƙa ɗiga masa mai, yana da fushi. Akwai kayan mutane a leda bayan ƙofa, na gama su, a miƙa wa masu su.

2. Maganar Inuwawa, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro.

Bari in tuna muku asalinsu, tunda kowannenku yanzu ya zama malami a kansu. Rigar makarantar Babba ce ta yage a kafaɗa, ya tafi da ɗayar yana kumbure-kumbure. Da rana na zauna na ɗinke ta. Ya dawo ya tambayi wanda ya gyara, ni kuma bakina cike da fil. Kafin in tofar, mahaifinku, Allah ya jiƙansa, wanda ya shigo ke nan daga tuƙin bas, ya ce ai Inuwawa ne. Nan take ya ƙera su: siraran mutane masu launin inuwa, da dogayen kunnuwa masu tsini waɗanda ke jin kukan duk abin da ke shirin tsinkewa. Ya ce da tsakar rana, lokacin da inuwar kowa ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, ba ɓuya ta yi ba, aiki ta tafi. Ya raba su dangi-dangi, masu allura, masu guduma, masu manne fasasshen abu. Ya kuma kafa doka cewa ba a gode musu baki da baki, sai dai a ajiye maɓalli a bakin taga.

Ranar na yi dariya har da hawaye. Ban san na sallama aikin hannuna na shekara da shekaru ba.

Zan faɗa ba kunya: kishinsu nake yi, kuma har yau bai huce ba. Ni ke tsugunne da tsakar rana ina manne hannun kofi, ina buga ƙusa a ƙafar kujera, ina soke yatsa a maɗaurin jaka. Ku dawo ku tsallake ƙafafuna a bakin ƙofa, ku ruga taga kuna wa iska kirari. Mahaifinku ya shigo da yamma da sabon babi, ku haye cinyarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai Auta, ranar da motarka ta wasa ta dawo da ƙafa huɗu, ka ce mini in koyi aiki wajen Inuwawa, don nawa ɗinkin bai kai nasu ba. Na san kun girma kun gane gaskiya. Amma babu ɗayanku da ya taɓa dawowa ya sauke godiyar nan daga taga ya kawo ta inda ta dace.

3. Gwangwanin madara da ke saman kabad na Auta ne. Maɓallan da kuka biya ne a ciki, ban zubar da ko ɗaya ba. Mafi yawansu daga kayan masu kawo mini ɗinki kuke tsinke su, ni kuma in sha faɗa in sayi wasu. Kai ka fi kowa ɓarna, don haka kai za ka gaji ladan.

4. Rigimar Babba da 'Yar Baba ta mutu kafin a fita da ni.

Babba ya fitar da littafin Inuwawa mai hotuna, ya karɓu, ina taya shi murna. 'Yar Baba tana ɗinka 'yan tsanansu tana sayarwa a shagonta. Shi ya tura mata lauya, ita ta hana 'ya'yanta zuwa gidansa, kowa yana rantsuwa shi ne magajin mahaifinku a kansu. Idan kun zo duba ni, ɗaya sai ya tsaya a matakala har ɗayan ya fita, kuna zaton ba na jin takunku. Kunnuwana ba su da tsini, amma na ji kukan abin da ke shirin tsinkewa a gidan nan. Ku saurara da kyau. Bakin mahaifinku ne ya haife su, hannuna ne ya ciyar da su. Rabinsu nawa ne, kuma na bar rabin nan a tsakaninku ku uku, ba a sayarwa, ba a rabawa. Babba ya janye lauyansa. 'Yar Baba ta rage tsawon harshenta, ta san inda ta gado shi, ba sai na faɗa ba.

5. Wannan ita ce buƙatata ta kaina, kuma ita kaɗai ce.

Ke 'Yar Baba, kina ƙarama kika lura cewa ɗinkin Inuwawa yana karkata ta wani gefe daban da na sauran mutane. Na ɗauka asirina ya tonu, har na gyara zama don karɓar yabo. Sai mahaifinku ya ce ai duk Inuwawa bahagwai ne, haka Allah ya yi su. Ya ɗago ya dube ni, ya kashe mini ido ɗaya. Wannan kallon shi ne duk rabona a duniyarsu, kuma da shi na yi ta rarrashin zuciyata.

Da littafin Babba ya fito, na ga sunan mahaifinku a shafin farko. Na haɗiye, ya cancanta. Na sa tabarau na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina neman kaina. Kowane Ba'inuwe yana riƙe da allura da guduma a hannun dama. Da na yi magana, Babba ya ce haka ya fi wa mai zanen sauƙi, kuma babu wanda zai lura. Ɗana, ni na lura. Na rufe littafin.

Ba na neman sunana a bangon littafin ko a cikinsa. Idan za a sake buga littafin, a mayar musu da kayan aikinsu hannun hagu. 'Yan tsanan ma haka. Ku zauna a tebur ɗaya ku gyara, shi da littafinsa, ita da allurarta, Auta ya tsaya a kansu shaida.

Na yafe muku duka, har mahaifinku, ko da yake idan Allah ya haɗa mu akwai maganar da zan fara yi masa. Ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu gode muku tun kuna da kunnen ji. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a gida ɗaya, kada ku bar yagewa ta kwana, don daga yanzu babu mai fitowa da tsakar rana ya ɗinke muku. Idan kuma jikokina suka tambayi dalilin da ya sa Inuwawa ke aiki da hagu, kada ku aika su taga. Ku ce musu kakarsu bahaguwa ce.