Rijiyar da Babu Ita a Gehuru

Litinin, 6 ga Afrilu, 2026
Ranar Juma'a abin ya fara. Na buɗe waya na tarar da hoton Honorabul Hamidu ko'ina, ɗan takarar nan da ko a mazaɓarsa ta Jega Firchin ba kowa ya san shi ba. Wai "Mai Rijiya". Rijiyar wa?

Talata, 7 ga Afrilu
Mijina Aliyu ya dawo daga kasuwar albasa ta Aliero yana ta yabonsa. Wai mutumin ya sayar da motarsa ya haƙa wa Gehuru rijiya a ɓoye. Gehuru garinmu! Na kira Inna. Ta ce, "Wace rijiya, ɗiyata? Ga ƙanwarki nan ta shigo da jarka bisa kai."
To wa ke ƙarya?

Laraba, 8 ga Afrilu
Ko shafi ɗaya na kasa karantawa.

Alhamis, 9 ga Afrilu
Barakatu, ƙawata ta Maiyama, ta turo mini rubutun da ake yaɗawa. "Ya cire agogonsa, ya tsoma hannu cikin laka."  Rubutuna ne. Babi na bakwai na labarin soyayyar da nake tura wa rukuninmu na mata da sunan aro. An goge sunan jarumina, an sa nasa, an liƙa hoto. Wa ya yi? Shi Honorabul ɗin ya sani kuwa?
Aliyu bai san ina rubutu ba. Littattafan soyayya ma "karatun ƙarya" yake ce musu.

Juma'a, 10 ga Afrilu
Inna ta kira. Baba da dattawa sun je roƙon a sa Gehuru cikin ƙauyukan da za a yi wa burtsatse. Aka yi musu dariya, wai ai ku kun samu, duniya ta gani.
Ni fa don na gaji da ganin jarka na rubuta rijiyar nan.

Lahadi, 12 ga Afrilu
Na miƙa wa Aliyu wayata. Ya karanta babin, ya duba kwanan watan da na tura shi. "Ke kika rubuta wanga?" Na gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, bai yi dariya ba. Tambaya ɗaya ya yi: wai a ƙarshe jarumin ya auri yarinyar?
Ban sani ba ko fushi yake.
Gobe zan tafi Gehuru in ɗauki hoton busasshen filin. Zan saka shi tare da babin, da sunana na gaskiya.