Kwandon Tumatir na Biyu

Zuwa ga sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa, baban 'ya'yana kuma abokin sirrina,

Ina gaishe ka da zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya tun ranar da direban da ke kai maka saƙo ya tsaya a ƙofar gida yana sosa ƙeya, ya ce jiri ya kwashe ka a wurin gini, likita ya auna ya ce jininka ya hau. Wayyo Allah! Kai da kake hawa bene na huɗu da bulo a kafaɗa? Da a can sama jirin ya same ka fa? Kuma ka ɓoye mini, kullum a waya sai ka ce lafiya lau.

Ka tuna ranar da ka huda mini tsofaffin bokitan fenti, na shuka tumatir a bayan kicin? Kana ta tsokanata wai na zama babbar manomiya. Da na farko ya nuna, kai ka riga ni tsinkewa, ka gatsa, ruwan ya gangaro har gemunka, na yi dariya har da hawaye. Daga bokitan nan na cika maka kwando wancan makon. Sai ga labari wai ka rabar wa abokan aiki, kana cewa kai ba zomo ba ne. Haba, maigida! Ni ina nan ina kwana ban runtsa ba, kai kana can kana raha?

Na je wajen ƙanwarka ma'aikaciyar jinya, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce tumatir ba zai maye gurbin ƙwayoyin da aka ba ka ba, kada ka kuskura ka daina sha. Amma yana rage wa jiki ɓarnar gishiri, yana taimakon zuciya da jijiyoyin jini, yana ƙara ƙarfin yaƙi da cuta. Jan nan nasa ma, in aka dafa shi da ɗan mai kaɗan, jiki ya fi amfana. Gishirin da kake barbaɗawa tun ba ka ɗanɗana abinci ba kuwa, ta ce ka rabu da shi.

Ga kwando na biyu, ya farin watana. Da hannuna na jera su. Na sama sun nuna, ka fara da su. Na tsakiya sai bayan kwana uku. Na ƙasa kore ne shar, kada ka zubar, ka ajiye su a inuwa, za su yi ja kafin ka iso kansu. Biyu da safe, biyu da yamma, don girman Allah.

Tsoro nake ji, masoyina, tsoro! Shekara biyu na yi ina ba mahaifinka abinci da cokali bayan hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Yakan kalle ni, leɓɓansa na rawa, yana son magana, harshe ya ƙi. In Allah ya jarrabe ka da haka, wallahi zan yi jinyarka ban gaji ba. Amma ranar da za ka zuba mini ido ka kasa kiran sunana, ban san yadda zan jure ba.

Taka ce ni a yau, taka ce har numfashina na ƙarshe,

Matarka