Dardumar Nazife tana nan a ɗakina

Malama Nermin ta filin shawarwari, 'yata, ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekarata tamanin da uku, tsohon malamin makaranta ne ni a wani ƙauye kusa da garin Bergama. Matata Nazife ta rasu bara. Tun tana budurwa ta saƙa wata darduma da gashin tumakin babanta, ƙulli biyu-biyu irin namu, ta rina jan da saiwar da ta tono da hannunta. Wajen tsakiya jan ya ɗan sauya, don rinin ya ƙare mata ta sake dafa wani. Har ta mutu tana jin kunyar wurin, ni kuwa nan na fi so. Ta bar wasiyya a lulluɓe makararta da ita, sannan a bai wa masallaci, kamar yadda aka yi wa uwarta. An lulluɓe. Da aka dawo daga maƙabarta sai na naɗe ta na kawo gida, na ce wa liman za a wanke tukuna. Ƙarya na yi. Yanzu masallacin ma an shimfiɗe shi da kafet na inji, tsofaffin dardumomi suna jibge a sito. Ni kaɗai ne a gidan, ƙafafuna sun yi rauni, a kanta nake shan shayi. In na bayar, asu zai cinye ta. In na riƙe, da wane ido zan kalli Nazife?

Wani tsoho

Baba, Allah ya jiƙan Inna Nazife. Kewa ce ta sa ka, ba son zuciya ba, kuma tsoronka na sito gaskiya ne: darduma irin wannan takawa ke gyara ta, ajiya ke kashe ta. Amma wasiyya wasiyya ce, ladar sallar da za a yi a kanta Inna take jira. Ka kira liman, ka zuba masa shayi, ka gaya masa gaskiya. Ka roƙe shi a shimfiɗa ta bisa kafet ɗin, gefen da dattawa ke sallah, kada a kai ta sito. Sannan ka nemi maƙwabcin da zai riƙa kama hannunka zuwa azahar, ka zauna daidai inda jan ya sauya. Allah ya ƙara maka lafiya, Baba.