Rasuwar Elhaji Isaka Mahaman Tawa, Daraktan Farko na Cibiyar Injin Lissafi

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Cibiyar Injin Lissafi ta Ƙasa da ke Gaweye, Yamai, ta samu labarin rasuwar ubanta kuma daraktanta na farko, Elhaji Isaka Mahaman Tawa, ranar Talata a gidansa da ke unguwar Lazare.

Marigayi ne ya tarbi injin farko, mai girman ɗaki guda, jim kaɗan kafin sojoji su karɓi mulki. Ana tsakiyar fari, wani kumandan ya zo da umarnin cewa injin ya faɗi ranar da ruwan sama zai sauka, in ba haka ba a mai da ginin rumbun hatsi, a tura darakta arewa ya lissafa raƙuma. Cikin ladabi marigayi ya bayyana masa cewa injin ya fi minista son jiki, ba ya tunani cikin zafi. Kafin sati ya zagayo, gwamnati ta kafa mana na'urorin sanyaya ɗaki.

Daga nan ne alaƙarmu da hukuma ta yi ƙarfi, domin babu ɗakin da ya kai namu sanyi a duk Yamai. Manyan hafsoshi suka riƙa zuwa duba aiki kullum bayan azahar, wasu har da matashin kai, kuma ba a sake tayar da zancen ruwan sama ba. Marigayi bai hana kowa kujera ba, sai dai kafin mutum ya kishingiɗa, sai ya sa hannu an tura kamiyon hatsi, wato babbar mota, inda injin ya nuna yunwa ta fi tsanani. Garuruwa da yawa sun ci tuwo albarkacin wannan gyangyaɗi.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa Hajiya Zeinabu, 'ya'ya da jikoki. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi.

Muna kuma roƙon Hajiya, in hankali ya kwanta, ta laluba mana aljihun babbar rigarsa. Bai taɓa yarda wani ya riƙe makullin ɗakin injin ba. Tun ranar Talata muna jin injin yana ta aiki a ciki shi kaɗai, ba mu san abin da yake lissafawa ba.

Kabiru Hasan Damagaram
Kakakin Cibiya