Gayyar da Ba a Dafa wa Tuwo Ba

Keita, 12 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga yayana Alƙasim,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali a Abijan, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan kowa lafiya, sai gwiwar Inna da ke taɓa ta.

Takardarka ta iso, wadda ka ce mu bar wa ƙorama gonar Baba tunda ta cinye rabi, Inna ta komo wurinka. Har da faransancinka, wai ƙungiyarku ta 'yan Adar za ta yi mata solidarite. Na kai kalmar wurin Mushe Bala, malamin makarantar lakwal. Ya ce asalinta daga tsohon harshen Turawa ne, tana nufin abu dunƙulalle wanda ba ya ɓantaruwa, kowa na ɗauke da nauyin kowa. Na ce ashe gayya ce ta sa kwat.

To ga abin da ba ka sani ba. Maganin ƙorama shi ne a jera mata duwatsu, irin yadda matanmu suka koya a aikin furoje na gyaran ƙasa. Amma ka san mai kiran gayya shi ke ciyar da ita, rumbunmu kuwa tun farin bara waccan bai farfaɗo ba. Inna ta rantse ba za ta tara mutane su wuni da yunwa a gonar mijinta ba. Na yi fushi da ita ƙwarai.

Sai Cima, maƙwabciyarmu, ta bi gida gida ta ce wannan gayya ba Inna ta kira ba, balle ta ji kunya. Wata Laraba kafin damina mata arba'in da ɗaya suka fito, kowace da ƙwaryar furarta da gammonta. Kwana shida muna ɗaukar dutse a ka, maza na jerawa. Inna ta zauna gindin aduwa tana ta faɗa, tana kuka.

Yaya, ruwan Agusta ya zo da haukansa, jerin bai motsa ba. Ƙasa ta taru ta cike ramin. Dami talatin muka ɗaure, ni kaina sai da na yi guɗa.

Saboda haka Inna ta ce ka gode wa ƙungiyarku, amma ba inda za ta. Laraba mai zuwa gonar Cima za mu, Inna ta riga ta naɗa gammonta, da gwiwar tata da komai.

Ka gaida Jaratu da yara. Gogo da Maiguwa suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Saude